Kawun Munawwar

Asabar, 4 ga Mayu, bayan Azahar

Lailatu ce ta ce in daina cika mata waya da ƙorafi, in nemi littafi in riƙa zuba masa. To ga shi na saya. Mu gani ko takarda ta fi matata haƙuri.

Ƙorafin farko Shahbaz ne. Tun da muka buɗe shago wayarsa ke jingine a jikin keken ɗinki, wani malami mai ƙaton rawani yana ta ihu da Urdu, jama'a na amsa masa da kururuwa. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma na san ba alwala yake koya musu ba. Gogan naka kuwa yana ɗinki yana gyaɗa kai, har ya ɗora wa jallabiyar mutane aljihu a karkace. Na nuna masa, ya ce zafi ne ya dame shi. Ɗan shekara ashirin da 'yan kai, gemu bai gama haɗuwa ba, amma in yana maganar addini sai ka rantse a hannunsa aka bar mukullin Aljanna.

Mu huɗu ne a saman benen nan na unguwar Batha a Riyad, muna ɗinka wa Larabawa jallabiya. Ni da Shahbaz muna kan keke. Buraima, mutumin Maraɗi, shi ke guga da sa maɓalli. Munawwar ne mai yanka, kuma shi ne babbanmu, Ustaz muke ce masa. Abu Fahad, kafil ɗinmu da iƙamar zamanmu ke ƙarƙashin sunansa, ba ya hawowa sai in riguna yake nema.

Munawwar da Shahbaz ƙasarsu ɗaya, Pakistan, amma ba abin da ya haɗa su sai fasfo. Shekarata biyar da Munawwar ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Shekaranjiya ina gama wata riga sai na ji an ce, “Sannu da aiki.” Da Hausa! Saura kaɗan in ɗinke yatsana. Ya yi dariya ya ce kawunsa ne ya koya masa tun yana yaro, likita ne da ya daɗe a Kano. Na ce wane asibiti, ya ce ya manta, ya koma kan almakashinsa. Suna kawai na samu na ƙwata a bakinsa, Dakta Mubarik.

Jiya na kira Inna. Ina faɗin sunan ta hau salati. Ashe shi ne likitan da ya cire mata ƙari a ciki lokacin ina firamare, mai baƙar hula da ɗan gemu, wanda ke kiranta Mama. Har yau tana sa shi a addu'a. Gobe wajen cin abinci zan ba Ustaz mamaki.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan La'asar

Na faɗa.

Muna zaune a ƙasa kewaye da tire ɗaya kamar kullum, shinkafa da miyar adas, ƙananan waken nan nasu. Na ce da gurguwar Larabcinmu ta Batha, “Jama'a, ku ji ikon Allah. Kawun Ustaz Munawwar ne ya ceci ran mahaifiyata a Kano, a asibitin Ahmadiyya. Babba ne a cikinsu, kowa ya san shi.”

Na zaci za a ce masha Allah. Shahbaz ya zare hannunsa daga tiren, ya tashi ya je famfo ya yi ta kurkure baki yana tofarwa. Munawwar bai ɗago ba. Ya yi ta mulmula loma ɗaya a hannu, bai kai ta baki ba har Buraima ya kwashe kayan.

Ban san abin da ya same su ba. Ni dai ban faɗi ƙarya ba.

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Buraima ne ya warware mini a hanyarmu ta zuwa shago.

“Malam, kai ba ka san mutanen ga ba? Can ƙasarsu duk wanda aka ce ɗan Ahmadiyya na, an gama da shi. Gwamnati da kanta ta ce ba Musulmi ba ne, ko sallama ya yi ana iya kai shi kaso. Nan ma in hukuma ta jiya, sai huruj.”

Huruj, wato a tattara mutum a sa shi a jirgi.

Na ce masa ai mu a Kano Ahmadiyya sunan wurin da kake ce wa ɗan adaidaita ya sauke ka ne. Asibiti ne da makaranta. 'Yan Izala da 'yan Ɗariƙa da ba sa bin juna salla duk na gan su a benci ɗaya a can suna jiran likita, ba wanda ya tambayi aƙidar allura. Na san malamai na cewa aƙidarsu ta karkace, wannan kuma tsakaninsu da Allah. Amma mutum ya kurkure baki don ya ci abinci da wanda ya shekara uku yana ci da shi? To shinkafar shekara ukun fa, ina zai kai ta?

Buraima ya ce ba abin dariya ba ne. Shi dama komai ba abin dariya ba ne a wurinsa.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan Azahar

Tire ya zama biyu. Wannan bai dame ni ba, nama ya fi isarmu.

Sabon salon shi ne Shahbaz ba zai taɓa yadin da Munawwar ya yanka ba. Sai ya ɗaga shi da sandar awo, ya kai wa Buraima ya bi shi da dutsen guga, wai zafi ya tsarkake shi, sannan ya ɗora a keke. Na tambaye shi a wane littafi ya ga wannan fiƙihun. Ya ce ba zan gane ba. Gaskiyarsa, irin wannan jahilcin sai an shiga makaranta an koye shi.

Munawwar yana yanka, yana ajiye yadin a bakin tebur inda sanda za ta kai.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan an sauko

Sai yau na lura Munawwar bai taɓa bin mu Juma'a ba. Kullum cewa yake zai je wajen wani ɗan garinsu a unguwar Ulaisha su yi tare. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

A sahu ina kusa da Shahbaz. Da liman ya ambaci Manzon Allah, sai na ga ya sunkuya ya sumbaci manyan yatsunsa ya shafa a ido, a ɓoye, yana satar kallon Balaraben da ke damansa. A garinsu haka suke yi. A nan kuwa in aka gan shi ɗan bidi'a za a kira shi, wani ma ya ce mushriki. Wato shi ma akwai masu kurkure baki in sun ci da shi. Da ƙyar na danne dariyata har aka tayar da salla.

A ƙofar masallaci Malam Caji ya tare ni. Ilyas ne sunansa, yana da ɗan shagon caja da murfin waya a ƙasan benenmu. Mutanensu na Pakistan na ce masa Ƙari Sahib, ni da Buraima muka sa masa Malam Caji. Shi ke tura wa samarin layin nan wa'azin ihu a waya, ya tara su a wani zaure na WhatsApp inda kowa ke kiran ɗan'uwansa jarumi. Tumbi a gaba, turare kamar an ɓarar da kwalba, in mace ta zo sayen caja duk haƙoransa a waje. Ya kama hannuna da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da na zo layin.

“Haji Maiwada, ka yi wa addini aiki.”

Na zare hannuna na ce ni ɗinki nake yi.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Shahbaz ya fita sayen zare, Buraima ya sauka da kaya. Munawwar ya ajiye almakashi ya tura ƙofa.

“Maiwada, ina da 'ya'ya mata biyu a Faisalabad.”

Na ce na sani, na sha ganin hotonsu. Ya ce ban sani ba, in zauna. A ƙauye aka haife shi. Yana aji uku malaminsu ya tsayar da shi a gaban allo ya ce wa yara su dube shi da kyau, irinsa ne maƙiyan Annabi. Wata Juma'a aka sauko daga masallaci aka ƙone shagon babansa, 'yan sanda na tsaye suna kallo. Da ya yi aure sai ya ɗauke matarsa ya kai ta birni, unguwar da ba wanda ya san asalinsu. Da zai fito neman aiki kuma, kafin a rubuta masa Musulmi a fasfo sai da ya sa hannu ya ƙaryata jagoran Ahmadiyya da iyayensa ke girmamawa. Babansa ya rasu bai sake yi masa magana ba.

“Maƙwabta na aiko mana da abinci,” in ji shi. “Matata na koya wa 'ya'yansu karatu. Sadaf, babbar, wata mai zuwa za ta zauna jarrabawar shiga makarantar jinya. Ranar da unguwar nan ta ji, duk wannan ya ƙare. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka ce musu ka yi kuskure, wani likita ne daban, suna ne ya zo ɗaya. Ba su da komai a hannu sai maganarka.”

Na ce, “Haba Ustaz, waɗannan? Mai sayar da caja da yaron da ko aljihu bai iya ɗorawa ba? Ka rabu da su. Kwana biyu za su samu wani abin yi wa ihu.”

Ya ce, “Ba ka san su ba.”

Na ce zan duba. Amma fisabilillahi, in je in tsaya gaban Malam Caji in ce na yi shirme? In ce Inna ba ta san wanda ya buɗe cikinta ba? Malam Caji ya yi ta kallona da murmushin nan nasa har in bar Riyad?

Litinin, 13 ga Mayu, bayan Magariba

Ban je ba. Babbar Salla ta matso, aiki ya yi mana yawa.

Talata, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Wani ɗan Balarabe da ko gashin baki bai tsayar ba ya hawo da rigarsa, ya dunƙule ta ya jefa wa Shahbaz a fuska. Aljihu ne a karkace. “Ya himar,” ya ce masa, wato jaki. Jarumin addini ya sunkuyar da kai yana cewa, “Hadir, mudir, hadir,” wato to, ranka ya daɗe. Yaron ya fita yana jan takalmi.

Shahbaz ya ɗauki reza ya tsaya yana juya rigar. Na karɓa na farke masa aljihun. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara zuba. Babansa ba shi da gona, wa mai ƙasa yake nomawa. Su takwas ne a gida. Makarantar gwamnati ta ƙauyensu ko malami babu, shanun mai ƙasa ke kwana a ciki. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana ta malamai, saboda a can ana ba da abinci. Ya haddace Alƙur'ani kaf bai san ma'anar aya ɗaya ba. Abin da aka fassara masa da yarensa shi ne sunayen waɗanda zai ƙi. In zaɓe ya matso, ko gwamnati ta shiga uku, sai a turo motoci a kwashe su zuwa zanga-zangar kare martabar Annabi, a ba su shinkafa da nama.

“Ranar ce kawai ɗan sanda ke matsa mana mu wuce,” in ji shi. “Ranar ce mai ƙasa ke ɗaga gilashin motarsa don tsoronmu.”

Na ce to Munawwar ne ya jefa maka riga a fuska?

“Wannan ni ya zaga. Wancan Annabi ya taɓa.”

Na ce yaushe, a gabanka? Ya ce ba sai ya ji da kunnensa ba.

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Sai ya mayar da abin kunnensa, na ga kan nan ya fara gyaɗawa, tausayin ya gudu. Balarabe ya fi ƙarfinsa, mai ƙasa ya fi ƙarfinsa, shi ne ya lalubo wanda ba zai iya ramawa ba ya kira abin kishin addini.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan Azahar

Abu Fahad ya hawo yana haki, ya ji aiki na tafiyar hawainiya. Wani ya ɗan shafa masa labarin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

“Mafi mushkila, ba na son matsala a shagona. Ni ba ruwana da wane ne wane, riguna nake so kafin Salla. Duk wanda ya jawo mini hukuma, huruj, ku duka.”

Fatawarsa ke nan, ya sauka. Munawwar ya taɓa gaya mini irin su Abu Fahad ne suka shekara da shekaru suna aika sadaka ana gina makarantun da ke ƙyanƙyashe su Shahbaz, ba wanda ya taɓa zuwa ya ji abin da ake koyarwa. Yau kajin sun shigo masa shago, shi riguna yake so.

Asabar, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Malam Caji ya hawo mana da wasu mutum biyu, ɗaya mai aski, ɗaya ban san shi ba. Ya ɗaga waya ya ce Munawwar ya kalle ta ya tsine wa shugaban mutanensu, in dai shi Musulmi ne, magana ta mutu.

Munawwar ya ce, “Na sa hannu a fasfo kamar kowannenku. Ba zan yi wa waya rantsuwa ba.”

“Kawunka fa?”

“Kawuna ya daɗe da rasuwa. Maiwada ya haɗa mutum biyu ne.”

Duk suka juyo kaina. Munawwar ma ya juyo. Na ce ina da riga a keke, na taka, ƙara ta cika ɗakin. Suka gaji suka sauka.

Buraima ya biyo ni har famfo. “Malam, kalma guda ce. Ka ce ka ɓata. Mi za ta rage ka da shi?” Na ce ya koma kan gugarsa. Mutumin da in ya ga motar 'yan sanda a talabijin sai ya laluba iƙamarsa, shi zai koya mini magana.

Ni dai ban faɗi ƙarya ba. Abin alheri na faɗa, a kan mutumin da ya yi alheri. In wasu sun mayar da shi wuƙa, su za a tambaya.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan Magariba

Lailatu ta kira. “Baban Muhibba, Inna ta sa an daka yaji an sayo kilishi, wai za ta ba mahajjata su kawo wa ɗan likitanta.” Na ce to. Ta ce me ya samu muryata. Na ba ta labari, ina yi ina kwaikwayon Malam Caji don ta yi dariya. Ba ta yi ba.

“Ka je ka ce ka yi kuskure. Girman kan nan naka ba a kanka zai ƙare ba.”

Na ce layi ba kyau. Kowa ya zama malami a kaina.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Gobe zan sauka in faɗa. Don a bar ni in huta, ba don komai ba.

Talata, 21 ga Mayu, bayan Magariba

Na sauka bayan La'asar. Shagon Malam Caji cike da samari, kowa da waya a hannu. Na yi sallama na ce, “Ƙari Sahib, maganar nan da na yi kwanaki, ina jin mutum biyu na haɗa. Tsohuwata ta tsufa, sunaye na ruɗe mata.”

Shi ke nan fa, ta fita. Da na juya a nan da an gama.

Ya yi murmushin nan. Bai yi Urdu ba, da Larabci ya yi don in ji. “Ban faɗa muku ba? Takruni ne, baƙar fata, an ba shi ɗan abin shayi ya juya. Ba sa bambance likita da mahauci. Macen da ta kwanta ta buɗe wa kafiri cikinta, wa ya san abin da ya bar mata a ciki?”

Suka yi dariya. Inna suka yi wa dariya.

Ban san lokacin da na dawo gaban teburinsa ba. Na ce, “Eh, kawunsa ne! Dakta Mubarik, ɗan Ahmadiyya, kawun Munawwar ne, na rantse da Allah! Kuma takalminsa ya fi gemunka daraja. Shi rai ya ceta. Kai me ka taɓa cetowa ban da batir?” Na wanke shi tas. Na faɗa masa maganar matan da ke zuwa sayen caja, na faɗa wa samarin cewa gobe in zaɓe ya wuce ko sunansu ba mai tunawa. Na fito ina jin kaina a sama, rabon da in ji daɗi haka tun da na zo ƙasar nan.

Sai da na kai tsakiyar bene na tuna Shahbaz na tsaye a gefe tun shigata, wayarsa a daidai ƙirji, bayanta na kallona.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan Azahar

Munawwar ya ji. Yau bai ci abinci ba, yanka kawai yake yi.

Alhamis, 23 ga Mayu, da hantsi

Buraima ya miƙo mini wayarsa. Wani direba ne ya turo masa.

Bidiyo ne, ni ne a ciki. Ya fara daga “Eh, kawunsa ne,” ya ƙare a “na rantse da Allah.” Takalmi da gemu da batir duk an datse. An liƙa hoton Munawwar a teburin yanka, an sa wata waƙar yaƙi a ƙasa, ga jan rubutu da Urdu. Na kai wa wani tela a layin baya ya karanta mini. Wai Musulmin Afirka ya tona asirin Ƙadiyani, sunan zagin da suke kiransu da shi ke nan. A ƙarshe an rubuta cikakken sunansa da sunan unguwarsu a Faisalabad.

Ko ɗaukar hoton ba su iya ba, rabin kaina a waje yake. Abin da na tsaya ina dubawa ke nan, sai da Buraima ya karɓe wayarsa.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan La'asar

Muna cikin aiki wayar Munawwar ta yi ƙara. Matarsa ce. Bai fita ba, a nan tsaye ya saurara, alli a hannunsa. Daga inda nake ina jin muryarta tana tashi tana karyewa.

Da ya ajiye, ba mu ya yi wa magana ba, tebur ya gaya wa. Jiya an yi shela da lasifikar masallacin unguwa. An rubuta musu abu da fenti a ƙofa. Matar da ke aiko musu da abinci ta zo ta janye 'ya'yanta daga karatu, ta tofa yawu a tsakar gida. Yau shugabar makaranta ta kira Sadaf ta ce kada ta dawo, don lafiyarta. Samari sun fara taruwa a bakin layi. Matarsa ta ce za ta fitar da yaran ta ƙofar baya, in ta samu wuri za ta kira.

Ya ɗauki almakashi, ya ajiye, ya sauka.

Shahbaz bai kunna wa'azi ba yau. Can ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Ya ce yaran suna ina?” Na ce ya sauka ya tambayi Ƙari Sahib, ai shi ya san komai. Tambaya ma yake yi. Ya zaci hoton a Batha zai tsaya ya sha iska?

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan Magariba

Wayar matar Munawwar a kashe.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan Azahar

Har yanzu a kashe. Yana kira yana ajiyewa, yana kira yana ajiyewa. Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke.

Laraba, 29 ga Mayu, da hantsi

Jiya matar Munawwar ta kira. Shi kuma ya je da kansa ya roƙi Abu Fahad huruj. Ban taɓa ganin Balaraben nan ya gama wani abu da sauri haka ba.

Ɗazu na same shi a kan bene da jakarsa ɗaya, motar filin jirgi na jiransa a ƙasa. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

“Sun isa gidan yayar matata, a wani gari. Ba za su koma gidan ba, an fasa an kwashe komai. Sadaf ba za ta zauna jarrabawa ba. Ban san inda zan kai su ba, hoton ya riga ni zuwa ko'ina.”

Na ce, “Ustaz, wallahi na je ne in janye. Uwata ya zaga.”

“Na sani. Buraima ya faɗa mini.” Ya gyara igiyar jakarsa. “Ƙaramar ta ga hoton a wayar mamanta. Ta tambaye ni wane ne baƙin mutumin nan da ke rantsuwa da sunana. Na ce mata abokin aikina ne, mutumin kirki ne, ƙasarmu ce kawai bai sani ba.”

Ya ba ni hannu. Na so a ce marina ya yi.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan La'asar

Na sauka sayen shayi a bakin layi. Ban san a nan suke taruwa yanzu ba. Ina isa aka buɗa mini hanya, wani ya kira sunana, sauran suka ɗauka da kabbara. Mai shayi ya haɗa mini da madara mai kauri, na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna. “Haram, Haji. Kai namu ne.”

Malam Caji ya taso ya dafa kafaɗata. Na ji nauyin hannunsa, na ji turaren nan. Kofin na hannuna yana tururi, fuskarsa ga ta nan kusa, ba abin da ya rage sai in ɗaga hannu. Na duba, duk inda na juya waya ce a sama tana kallona. Na tuna abin da suka iya yi da magana rabi. Na tuna iƙamata, na tuna Muhibba da makarantarta, na tuna ni ma ina da ƙofar gida da sunan unguwa.

Da zafinsa na shanye, har na ce na gode.